Open da kāi: inda Sinawa masu koyon Turanci ke tuntuɓe

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ga wata matsala da nake so mu tattauna, musamman waɗanda ke koyar da Sinawa Turanci, a aji ne ko ta intanet. Open tana cikin kalmomin farko da yaro ke koya a ƙasar Sin, tun ajin uku na firamare inda galibin makarantu ke fara Turanci. Amma sai ka ga ɗalibin jami'a da ya ci CET-4, jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'o'in ƙasar, yana rubuta "open the light", "open the air conditioner", "the shop is opened", "we will open a meeting". A gyara masa yau, gobe ya maimaita. Mene ne tushen abin, kuma ta ina ya kamata a kama gyaran?

Malama Hauwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tushen abin kalma ɗaya ce ta Sinanci, kāi, wadda ake rubutawa 开. Zan riƙa sa mata alamar karin sauti don kada ta rikice da tamu ta Hausa. Tun ranar farko littafin makaranta ya ce wa yaro open ita ce kāi, shi kuma ya riƙe hakan kamar lissafi. To amma kāi ta fi open faɗi nesa ba kusa ba. Kāi mén buɗe ƙofa ne, a nan sun dace. Kāi dēng kunna fitila ne. Kāi chē tuƙa mota, kāi huì yin taro, kāi yào likita ya rubuta magani, kāi fāpiào a yanka rasit, kāi dāo a yi tiyata, kāi wánxiào a yi barkwanci. Idan ruwa ya tafasa shuǐ kāi le suke cewa, idan jirgin ƙasa ya tashi huǒchē kāi le. A Turanci kowanne da nasa aikatau: turn on, drive, hold ko have, prescribe, issue, operate, joke, boil, leave.

Kishiyarta guān ce, 关, ita ma ta haɗa rufewa da kashewa. Sunan makunni ma a Sinanci kāiguān ne, wato kalmomin biyu aka manna. A tsohon rubutu da har yanzu ake amfani da shi a Taiwan da Hong Kong, 開 da 關, dukansu da hoton ƙofa mai ƙyaure biyu a jikinsu. A kan Basine fitila tana da ƙofa, sai dai ba a ganin ta.

Drive da boil ba su cika ba shi wahala ba, domin ya koye su tun da wuri a matsayin kalmomi masu zaman kansu. Kuskuren ya fi taruwa a wuri uku: kayan wuta, taro, da takardun da hukuma ko kamfani ke bayarwa.

Usman:
Anti Hauwa, to ashe sai a ce masa kawai: duk abin da ke amfani da wuta turn on, duk abin da ke da ƙofa ko murfi open. Ba shi ke nan ba?

Dakta Rabi:
Usman, wannan ƙa'idar za ta kai ka mako ɗaya, daga nan ta fara yoyo. Firji yana da wuta yana da ƙofa. Famfo ba shi da wuta, amma "turn on the tap" aka fi cewa. Murhun gas haka. Manhaja kuwa cikin na'urar wuta take, amma "open WeChat" daidai ne.

Tambayar da ta fi aiki ita ce: bayan ka yi aikin, me ya canza? Idan yanzu ana ganin cikin abin, ko ana iya shiga, ko a zaro wani abu, open ne. Idan abin ya fara aiki ne alhali siffarsa tana nan yadda take, turn on ne ko switch on. Da wannan sai abu ɗaya ya ɗauki biyun, kowanne da ma'anarsa. "Open the fridge" ka ja ƙofar ka ɗauki ruwa. "Turn on the fridge" ka ba shi wuta. "Open the laptop" ka ɗaga murfin. "Open the air conditioner" ba jimla ce marar ma'ana ba, ma'anarta a kwance fuskar na'urar, aikin mai gyara ke nan. Idan ɗalibi ya gane cewa jimlarsa tana da ma'ana, sai dai ba wadda yake nufi ba, gyaran ya fi zama a kansa fiye da a ce masa "ba a faɗin haka".

A waya da kwamfuta kuma rabon haka yake: duk abin da ke bayyana a allo kamar takarda ko taga, wato fayil, manhaja, saƙo, shafi, open ne. Duk abin da yake da hali biyu, a kunne ko a kashe, turn on ne: kyamara, makirufo, wifi, bluetooth, tocila. A ajin intanet "please open your camera" shi ne ya fi yawa, domin dǎkāi shèxiàngtóu suke cewa. Injin mota kuma start ne, kada a bar wannan a baya.

Injiniya Bashir:
Bari in sa baki, domin akwai wurin da wannan kuskure ya wuce na nahawu, ya zama na rai. A Turancin ma'aikatan lantarki "open the switch" ko "open the breaker" na nufin a RABA layin, wuta ta yanke. "Close the breaker" na nufin a haɗa, wuta ta shiga. Dalili shi ne wuta ba ta gudana sai da'irar ta rufu, babu giɓi. Open circuit layi ne da ya katse. Saboda haka Basinen da ya ce "open the switch" yana nufin a kunna, mai sauraro da ya karanci lantarki da Turanci zai kashe. Wanda ya fi muni shi ne akasin haka: ya ce "close the power" yana nufin a kashe, wani ya haɗa layi alhali hannun mutum na cikin akwatin wuta. A ƙasar Sin wutar gida 220 ce, ta masana'anta mai layi uku 380, ba abin wasa ba ne.

Injiniyoyinsu sun san bambancin a harshensu. Hé zhá shi ne haɗa layi, fēn zhá raba shi, kāilù shi ne open circuit. A jikin rile, wato makunnin da wuta ke motsawa, za ka ga NO da NC, normally open da normally closed, su kuma suna cewa cháng kāi da cháng bì. Rikicin yana zuwa ne lokacin da mutum ya bar yaren sana'a ya koma yaren gida yana fassarawa.

A bawul kuma abin ya juye: "open the valve" ruwa ko gas ya wuce, "close the valve" ya tsaya. Na'ura ɗaya tana iya ɗaukar biyun, open a wannan gefe ya tsayar, a wancan gefe ya saki. Sannan alamar I da O a jikin makunni: O kashewa ce. Akwai masu ɗaukar ta harafin farko na on ko open.

Shawarata ga duk mai koyar da ma'aikatan masana'anta ko na gini: a hana su open da close gaba ɗaya a maganar wuta. Su ce "power on", "power off", wanda aka ba umarni ya maimaita kafin ya taɓa komai, a sa kwaɗo a makunnin, a gwada da mita kafin a sa hannu.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, maganarka dutse, ba ni da ja a kanta. Amma ɗalibai nawa ne za su shiga ɗakin wuta? Ni ina ganin muna cika tsanani a kan "open the light". Ana jin ta a Singafo, a Hong Kong, a Filifin, har a Montreal ta Kanada inda Faransanci ya yi tasiri a Turancin mutanen wurin. A Najeriya "on the light" da "off the fan" ake cewa, kowa na ganewa. Mu kanmu a Hausa muna cewa a buɗe rediyo. Idan Basine ya ce "open the light" a otal, za a kunna masa. Lokacin aji kaɗan ne, gara a kashe shi a kan abin da ke hana fahimta.

Malama Hauwa:
Malam Ɗanjuma, za a kunna masa a otal, amma mai duba takardar jarrabawa ba zai yi masa wannan uzurin ba. CET-4 maki 710 ce, kuma tun Disambar 2013 sashen fassara ya koma sakin layi guda na Sinanci da za a mayar Turanci cikin minti 30, yana ɗauke da kashi 15 cikin ɗari. A irin wannan sashen kāi take fitowa ta kowace fuska, ɗalibi kuma yana sauri, kalmar da ta fara zuwa masa ita zai rubuta. Ga Gaokao, jarrabawar shiga jami'a, a watan Yuni, ga jarrabawar Turanci ta IELTS ga masu son fita waje. Ma'aunin duka Turancin Ingila ne ko na Amurka. Ɗalibin ya zo ne a shirya shi domin wannan ma'aunin, ba mu da hurumin zaɓa masa Turancin Singafo.

Malam Ɗanjuma:
Ga mai jarrabawa na yarda. Ga ɗan kasuwa mai shekara 50 da ke son ya yi ciniki, ina nan kan bakana.

Dakta Rabi:
Ku biyun za ku iya haɗuwa idan aka jera kurakuran bisa girman ɓarnarsu. Na Injiniya shi ne kan gaba. Sai waɗanda ke ba da wata ma'ana daban ba tare da mai magana ya sani ba. "Open the light" tana can ƙasa, domin ba ta da wata ma'anar da za ta ruɗa mutum. Amma ku dubi kāi huǒ: a kicin kunna murhu ne, a fagen fama harbi ne. "Open fire", ba tare da the ko a ba, buɗe wuta ne irin na soja. "An open fire" wuta ce da ke ci a fili ba cikin murhu rufaffe ba. Mai koyon girki da ya ce "now open fire" ya faɗi abin da bai nufa ba.

Taro ma haka. "Open the meeting" daidai ce, amma aikin shugaba ne a mintin farko, kamar yadda muke cewa a buɗe taro da addu'a. Kāi huì kuwa zaman taron ne gaba ɗaya. Tā zài kāi huì sai a ce "he is in a meeting". "We will have a meeting" ko "hold a meeting" idan ana shirya shi.

Malam Nasiru:
Madalla. To "the shop is opened" fa? Wannan ba daga kāi take ba, ko?

Malama Hauwa:
Wannan ita ce ta fi ba ni sha'awa, kuma Bahaushe ya fi kowa saukin gane ta, domin muna da rabon uku ɗin a bakinmu. Ƙofa a buɗe take. Ƙofa ta buɗe. An buɗe ƙofa. Sinanci ma yana da su: mén kāi zhe, mén kāi le, mén bèi dǎkāi le. Turanci: "the door is open", "the door opened", "the door was opened". Ta farko hali ne, open a nan sifa ce. Ta biyu abu ne ya faru ba a ambaci mai yi ba, aikatau ƙi-karɓau. Ta uku wani ne ya yi.

Abu biyu ke jefa ɗalibi cikin "is opened". Na farko, an koya masa cewa idan abu marar rai ya zo a farkon jimla, to aikin a kansa aka yi, sai a sa be da -ed. Wannan tunanin ne ke haifar da "the accident was happened" da "the price was increased" a inda ba wanda ya ƙara. Na biyu, Turancin kansa bai yi adalci ba: kishiyar "is open" ita ce "is closed", ɗaya da -ed ɗaya babu. Ɗalibi mai hankali zai daidaita su, ko dai ya ce opened da closed, ko open da close. Idan ya zaɓi ta biyu ya ce "the bank is close", ya ce bankin yana kusa.

Gyaran da ke aiki: a ce masa duk inda zai iya sa zhe a Sinanci, to "is open" ne, babu -ed. Kuma a haɗa masa da fitila nan take: dēng kāi zhe, "the light is on". Sai dai a yi hattara da le, domin mén kāi le wani lokaci "ai yanzu a buɗe take" take nufi, sai an dubi zancen.

"Is opened" tana da wurinta, amma ƙunci gare shi: aikin da wani ke maimaitawa, "the gate is opened by the guard at six every morning".

Ga kuma ɗan uwan wannan kuskure: zhè jiā diàn kāi le shí nián le, wato shagon nan ya shekara goma yana aiki. Ɗalibi zai ce "this shop has opened for ten years". Open a matsayin aikatau abu ne na lokaci guda, ba ya miƙewa shekara goma. Ko dai "has been open for ten years", ko "opened ten years ago".

Dakta Rabi:
In ƙara da furuci, domin yana da hannu a ciki. Gaɓar Sinancin Mandarin da wasali take ƙarewa, ko n, ko ng, sai r a wasu wurare. Babu baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma. Opened tana ƙarewa da n da d, closed da z da d. Ɗalibi ko ya yar da d ɗin, ko ya ƙara mata wasali ta koma "open-da". Idan ya yar, kunnensa ma ya daina jin bambancin, to ta yaya zai rubuta shi? Haka close ta rufewa da z take ƙarewa, close ta kusa da s, Mandarin kuwa ba shi da sautin z irin na Turanci. Harafin z na pinyin, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, wani sauti ne daban, kusa da "dz" marar ziza.

Hanyar atisaye: a sa kalma mai fara da wasali a bayanta, d ɗin ta sami abin jingina. "Opened it", "opened a shop", "closed at five". Idan ya iya waɗannan, sannan a koma "opened the door", wadda ta fi wuya. Ga z kuma ya ɗora yatsa a maƙogwaro ya ja sautin, ya ji rawar da babu ita a s.

Rubutu: opened da opening, n ɗaya. Ana ninka baƙin ƙarshe ne idan nauyin kalma yana gaɓar ƙarshe, kamar begin da beginning. Open nauyinta a gaɓar farko yake, kamar happen da listen.

Usman:
Akwai wata da ban gane ba. Me ya sa idan aka ce wa Basiniya "you are very open" sai ranta ya ɓaci?

Malama Hauwa:
Domin matasansu sun ari open sun sa cikin Sinanci da wata ma'ana. Idan suka ce tā hěn open, fassarar kāifàng ce, kuma idan ana maganar mutum, musamman mace, tana nufin marar kamun kai a mu'amala da maza. A Turancin asali "she is very open" yabo ne: ba ta da ɓoye-ɓoye, tana faɗin abin da ke ranta. Matsalar tana tafiya ta fuska biyu. Baƙo ya yi yabo a ɗauka zagi ne, ko ɗalibi ya ce "foreigners are very open" yana nufin abu mai nauyi, mai sauraro ya yi godiya. A ba su kalmomi uku a raba musu aiki: outgoing ko cheerful ga kāilǎng, mai fara'a da son mutane, open-minded ga mai karɓar ra'ayin da ba nasa ba, frank ko open ga mai faɗin gaskiyar zuciyarsa.

Kāifàng ɗin nan ita ce a gǎigé kāifàng, manufar gyare-gyare da buɗe ƙofa da aka fara a Disambar 1978 zamanin Deng Xiaoping. Turancinta a hukumance "reform and opening up" ne. Ɗalibai su haddace ta yadda take, tana yawan fitowa a fassara, kuma "reform and open" ba ta karɓuwa.

Alhaji Sabi'u:
Malamai, ku ba ɗan kasuwa dama. A biranen Guangzhou da Yiwu ana ciniki da yawa tsakanin Sinawa da baƙi da Turanci, har da mutanenmu, kuma open tana da tarko a takardun kuɗi.

"Open an account" buɗe asusu ne a banki, kāi hù, wannan lafiya lau. Amma "open account" a sharaɗin biya, wanda ake taƙaitawa O/A, bashi ne: a tura kaya, a biya bayan kwana 30, 60 ko 90. Su shēxiāo suke ce masa. Harafi biyu ne tsakaninsu, an, amma idan ma'aikacin kamfani ya rubuta "we can do open account for you" yana nufin za su yi maka rajista a matsayin abokin ciniki, ya yi alƙawarin ba da kaya bashi a rubuce.

"Open a letter of credit" daidai ne, kāi xìnyòngzhèng, wato banki ya ba da takardar lamunin biya, ko da yake UCP 600, dokokin ƙasa da ƙasa na irin wannan takarda, issue suke amfani da ita, bankin kuma issuing bank. To saboda wannan ta yi daidai, sai su zarce: "open an invoice", "open a receipt", "open a cheque", "open a certificate". A'a. Invoice da certificate issue ne, cek kuma write ko make out, farashi quote, kāi jià ke nan. "Open the invoice" na nufin ka buɗe fayil ɗin ka duba. "Open cheque" kuma cek ne da ba a ja masa layi biyu ba, ana iya karɓar kuɗinsa a kanta.

Shago kuma: "open a shop" daidai ne ranar da aka kafa shi. Amma tā kāi fàndiàn, wato sana'arsa ke nan, "he runs a restaurant" ne. Guān mén tana nufin an tashi yau, tana kuma nufin an karye. A Turanci "closed" na yau ne, "closed down" na har abada.

Malam Ɗanjuma:
Alhaji ya kawo abin da nake nufi da kuskuren da ke cin kuɗi. Irin wannan a ba shi awa guda cur.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a taɓo ba. Wani wurin open ce ta fi faɗi. Sinanci yana da zhāng ga baki, zhēng ga ido, chāi ga wasiƙa ko ƙunshi, fān ga littafi, lā ga labule da aljihun tebur, nǐng ga murfin kwalba. Turanci duk open ne. A nan ɗalibi yakan tsaya yana neman wata kalma ta musamman alhali wadda ya sani tun firamare ta isa. Idan an cika tsorata shi da open, nan ma zai guje ta.

Dakta Rabi:
Gaskiya ne, shi ya sa ba a koyar da ita da jerin hani kaɗai. Ga tsarin darasi na minti 45, tsawon darasi a makarantunsu da yawa.

Minti 5 na farko a ba su jimloli goma na Sinanci masu kāi su fassara, ba ƙamus, ba gyara. Wannan zai nuna wa malami inda ajin yake, domin wani ajin matsalarsa kayan wuta ce, wani "is opened".

Minti 15 na kati. Kati 30, kowanne da suna ɗaya: door, window, box, eyes, account, file, light, fan, tap, camera, engine, meeting, invoice, medicine, da sauransu. Ɗalibai uku-uku su raba su tuli uku: open, turn on, da "wani aikatau daban". A saka kati biyar masu shiga tuli biyu da gangan, fridge, laptop, oven, washing machine, phone, a bar su su yi gardama, sannan kowane rukuni ya faɗi bambancin ma'anar. A nan ake koyon, kada malami ya yi saurin ba da amsa.

Minti 10 na hali da aiki: malami ya buɗe ƙofa ya tambaya me ya faru, ya bar ta a buɗe ya tambaya yaya take. Haka da fitila, haka da littafi. Amsa da baki, da sauri.

Minti 10 su bai wa juna umarni, wanda aka umarta ya aikata abin da aka FAƊA, ba abin da aka nufa ba. Wanda ya ce "open the phone", abokinsa ya fara cire bayan wayar. Minti 5 na ƙarshe su koma kan jimlolin farko su gyara da kansu.

Darasi ɗaya ba ya kashe al'adar shekara goma. A dawo da katin na minti uku washegari, bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata.

Malam Nasiru:
Dakta, makarantu da yawa suna hana malami amfani da Sinanci a aji. Jimlolin farkon nan fa?

Malama Hauwa:
A wannan darasin dokar tana cutarwa. Ɗalibi yana fassara a zuciyarsa ko an hana ko ba a hana ba, gara a fito da fassarar fili a gyara ta. Idan hukumar makaranta ta dage, a ba su jimlolin a takarda su yi a gida, ko a yi amfani da hotuna: hannu a kan makunni, likita da alƙalami, mutane zagaye da tebur. Malamin da bai iya Sinanci ba ma harafi ɗaya yake buƙata, 开, zane huɗu ne. Ya rubuta shi a tsakiyar allo ya ja kibau zuwa aikatau na Turanci, ɗaliban za su cike sauran.

Usman:
Idan sun koma turn on, shi ke nan an huta?

Dakta Rabi:
Da saura. Aikatau mai kalma biyu irin turn on baƙo ne gare su, kuma binciken Liao da Fukuya na 2004 ya nuna Sinawa masu matsakaicin mataki suna kauce wa irinsu idan akwai kalma ɗaya da za ta maye, waɗanda suka yi nisa kuma kaucewar tana raguwa. Wannan ma yana cikin abin da ke mayar da su ga open.

Wurin karɓau shi ne abin lura. Da suna, duka biyu sun halatta: "turn on the light", "turn the light on". Da wakilin suna tilas ya shiga tsakiya: "turn it on". "Turn on it" kuskure ne, kuma da mutum ma'anar ta canza, "the dog turned on him" kare ya juyo ya far masa. A taron bidiyo kada ɗalibi ya ce "turn me on" yana neman a buɗe masa makirufo, tana da ma'anar da ba ta dace da aji ba. "Unmute me" ake cewa. Ƙara ko rage sauti da zafi kuma turn up da turn down ne, domin kāi dà yìdiǎn yakan fito a matsayin "open it bigger".

Malam Ɗanjuma:
Ga na gaba da mataki, a ƙara musu ƙananan kalmomin da ke bin sifar. "Open to the public" kowa na iya shiga, "open to suggestions" a shirye yake ya saurara, "open to abuse" akwai kafar da za a yi ɓarna, "open for business" an fara ciniki, "open about his past" ba ya ɓoyewa. Duì wài kāifàng, wato a buɗe ga jama'a, ita ce ke sa su rubuta "open for the public". Opening kuma gurbin aiki ce a "we have an opening", a "opening ceremony" bikin buɗewa, kamar na wasannin Olamfik na Beijing ranar 8 ga Agustan 2008. Open ta gasar wasa, irin China Open ta tanis, gōngkāi sài ce a wurinsu, ba su cika kuskure a kanta ba.

Injiniya Bashir:
A katin Dakta a ƙara biyu ga ɗaliban fasaha, switch da valve, a ware musu tuli na huɗu su kaɗai. Kuma a jarrabawar ƙarshen zango a sa tambaya ɗaya da hoto: makunni a rabe, fitila a mace, a ce su rubuta jimla biyu. Amsar ita ce "the switch is open" da "the light is off". Wanda ya rubuta "on" a ta biyu, a sake zama da shi kafin a tura shi ɗakin gwaji.